Yaron da Numfashinsa ke Ɗaukewa Cikin Barci: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan Na'urar Numfashi ta Gida

Idan yaro yana minshari, yawanci sai a ce gajiyar wasa ce, ko a ce gado ya yi wurin babansa. Sau da yawa ba wani abin tashin hankali ba ne, musamman in mura ce ta toshe masa hanci. Amma akwai minsharin da ke zuwa kusan kowane dare, ana cikin jinsa sai a ji shiru, ƙirjin yaron yana motsi amma iska ba ta shiga, can sai ya zabura ya ja numfashi da ƙarfi ya ci gaba. Wannan ba barci mai daɗi ba ne. Cuta ce da ke da magani, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin maganinta ita ce na'urar da ake ajiyewa kusa da gadon yaro tana hura masa iska duk dare.

Wace irin cuta ce wannan?

Idan mutum ya yi barci, naman jikinsa yana saki, har da na harshe da maƙogwaro. A yawancin yara hanyar iska tana da faɗin da ko naman ya saki ba ta rufewa. Wasu kuwa hanyar tasu ƙunci gare ta, da barci ya yi nauyi sai bangonta ya haɗe, kamar yadda mesar roba mai laushi ke mannewa idan aka zuƙe ta da ƙarfi. Yaron yana ta ƙoƙarin numfashi, amma ƙofa a rufe take.

A wannan ɗan lokaci abu biyu ke faruwa. Oksijin, wato ɓangaren iska da jini ke ɗauka ya kai wa kowace gaɓa, yana raguwa. Gurɓatacciyar iskar da ya kamata jiki ya fitar kuma tana taruwa. Sai ƙwaƙwalwa ta ɗan farkar da shi na 'yan daƙiƙoƙi, maƙogwaro ya buɗe, ya koma barci. Shi bai san ya farka ba. Haka za a yi ta yi sau da dama a awa ɗaya har gari ya waye.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan a jikin manya. A 1976 ne Dakta Christian Guilleminault na Jami'ar Stanford a Amurka, tare da abokan aikinsa, suka bayyana yadda take a jikin yara. A yau ana ƙiyasin tana samun yaro 1 zuwa 5 cikin kowane 100, kuma ta fi yawa tsakanin shekara 2 zuwa 8.

Ta yaya za ku gane ta?

Da dare, ban da minshari da ɗaukewar numfashi, za ku ga yaro yana barci baki buɗe, yana yawan juye-juye, yana jiƙa matashi da gumi ko ba a zafi. Wani yakan lanƙwasa wuya baya sosai, ko ya yi barci a zaune, don ta haka ne iska ta fi wuce masa. Wani kuma ya daina fitsarin kwance tuntuni, sai ga shi ya dawo da shi.

Alamomin rana su ne suka fi rikitar da iyaye. Babba idan bai samu barci ba gyangyaɗi yake yi. Yaro kuwa sau da yawa ƙiriniya yake ƙarawa: ba ya zama wuri ɗaya, ga saurin fushi, ga mantuwa, malami yana ƙorafin ba ya mai da hankali. Yara nawa ne suke shan bulala a kan halin da ba su suka ɗora wa kansu ba? Wasu suna tashi da ciwon kai. Wasu ba sa girma yadda ya kamata, domin sinadarin da ke sa girma ya fi fita lokacin barci mai nauyi, kuma wahalar jan numfashi tana cinye ƙarfin jiki. Idan abin ya yi tsanani aka bar shi shekaru, yana iya taɓa zuciya.

Ga wata shawara mai sauƙi. Tunda likita ba zai ga yaron yana barci ba, ku ɗauki bidiyonsa da waya na 'yan mintuna a tsakiyar dare, ku ɗage masa riga yadda za a ga ƙirji da ciki, sauti kuma ya fito. Wannan ya fi dogon bayani amfani a ɗakin likita.

Su wa ta fi kamawa?

Babban dalili a ƙananan yara shi ne girman wasu ƙululun nama biyu da ke gefen maƙogwaro, waɗanda likitoci ke kira tonsil, da wani naman da ke can bayan hanci inda ido ba ya gani, mai suna adinoyid. Ƙiba mai yawa ita ce dalili na biyu, musamman a yaran da suka fara tasawa.

Akwai kuma yaran da hatsarin ya fi yawa gare su: masu larurar Down, waɗanda fiye da rabinsu suna fama da ita, da waɗanda aka haifa da ƙaramin muƙamuƙi, da masu cututtukan da ke raunana naman jiki, da masu larurar ƙwaƙwalwa da ke hana sarrafa gaɓoɓi. Masu sikila ma suna cikin jerin, kuma wannan ya shafi gidajenmu da yawa. Raguwar oksijin da dare tana taimaka wa ƙwayoyin jininsu su lanƙwashe, don haka yaro mai sikila da ke minshari kullum kada a yi jinkirin faɗa wa likitansa.

Wane gwaji ake yi?

Gwajin da ya fi tabbaci shi ne gwajin barci. Yaro zai kwana a asibiti tare da uwa ko uba, a manna masa 'yan wayoyi a kai da ƙirji da kusa da hanci, a saka masa wani ɗan abu a yatsa mai auna oksijin. Babu allura, babu zafi. Da safe sai a ƙirga sau nawa numfashinsa ya tsaya ko ya ragu a kowace awa. A yaro, abin da ya wuce sau 1 a awa ba daidai ba ne. Daga 1 zuwa 5 cutar mai sauƙi ce, 5 zuwa 10 matsakaiciya, fiye da 10 kuma mai tsanani.

Ba kowane asibiti ke da ɗakin wannan gwaji ba. Inda babu, likitan kunne, hanci da maƙogwaro yakan haɗa bayananku da abin da ya gani a bakin yaron, da hoton bayan hanci, da awon oksijin na dare ɗaya, ya yanke shawara. Ana samun irin waɗannan likitoci a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, da kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Da an gano cutar sai a sayi na'ura?

A'a. A yawancin yara matakin farko tiyata ce, a cire tonsil da adinoyid. Wannan ita ce shawarar Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka a ƙa'idojin da ta fitar a 2012. Wani babban bincike da aka wallafa a 2013, wanda ya bi yara 464 'yan shekara 5 zuwa 9, ya nuna cewa kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata gwajin barcinsu ya dawo daidai bayan wata bakwai. Cikin waɗanda aka sa wa ido kawai kuwa, kashi 46 ne suka daidaita. Idan cutar mai sauƙi ce, likita zai iya fara gwada maganin fesawa a hanci, da rage ƙiba in akwai ta.

A nan dole a yi maganar belu. Cire belu wurin wanzami ba ya maganin wannan cuta, domin ba belun ne ya toshe hanya ba. Abin da zai iya biyo baya shi ne zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, toshewar kuma tana nan inda take.

Ana komawa ga na'ura ne idan an yi tiyata amma cutar ba ta tafi ba, wanda ya fi faruwa a masu ƙiba da masu larurar Down, ko idan tonsil ɗin ba su da girman da cire su zai amfana, ko kuma lafiyar yaron ba za ta ɗauki tiyata ba.

Mece ce na'urar, kuma yaya take aiki?

Sunanta CPAP. Ɗan akwati ne da za a iya ɗauka da hannu ɗaya, a cikinsa akwai ƙaramin inji mai jan iskar ɗaki, ya tace ta, ya tura ta cikin mesa zuwa wani takunkumi mai laushi da ke rufe hancin yaro. Iskar tana shiga da ɗan ƙarfi wanda ba ya yankewa, shi ne ke tokare bangon maƙogwaro ya hana shi haɗewa. Wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya ƙirƙiro dabarar a birnin Sidni, ya wallafa sakamakonsa a 1981.

Abu biyu ake yawan ruɗewa a kansu. Na farko, na'urar ba ta yi wa yaro numfashi, shi ke yin abinsa, ita buɗe masa hanya kawai take yi. Na biyu, ba na'urar oksijin ba ce. Iskar ɗaki ce zalla. Oksijin shi kaɗai ba ya buɗe maƙogwaron da ya rufe, kuma a wasu yara yana iya sa gurɓatacciyar iska ta ƙara taruwa. Kada ku musanya ɗaya da ɗaya don wani ya ce ai duk na numfashi ne.

Ƙarfin iskar ana auna shi da lamba, yawanci daga 4 zuwa sama, kuma a yaran da ba su kai shekara 12 ba ba a cika wuce 15 ba. Likita ne ke zaɓar lambar da ta dace da kowane yaro. Ba a aron lambar wani, ba a kuma ƙara ta a gida.

Akwai wata mai suna BiPAP, wadda ke ba da ƙarfi biyu: mai yawa lokacin jan numfashi, kaɗan lokacin fitarwa. Ita ake ba yaran da naman ƙirjinsu ba shi da ƙarfin jan isasshiyar iska, ko waɗanda ke bukatar lamba mai yawa har fitar da numfashi yana yi musu wuya.

Yaro zai yarda a ɗaura masa abu a fuska?

Wannan shi ne ainihin aikin, kuma a nan ne iyalai da yawa suke karaya. Na'urar tana amfani ne a daren da aka saka ta kaɗai. Daren da aka ajiye ta, maƙogwaro zai koma rufewa kamar da. Don haka tsadarta ko kyawunta ba su ne abin dubawa ba, abin dubawa shi ne awa nawa take kwana a fuskar yaron.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kawo ta yau, a danne yaro da dare a ɗaura masa, a kunna. Yaron da aka tsorata a daren farko yana iya ɗaukar watanni bai sake yarda ba. Haka ma jira ya yi barci a lallaɓa a saka masa: zai farka a firgice ya fizge, gobe kuma ya ƙi kwanciya.

A fara da rana, ba tare da an haɗa mesa ba. A ba shi takunkumin ya riƙe, ya juya shi, ya saka wa 'yar tsanarsa, ya ga Mama ko Yaya sun kanga a hancinsu suna dariya. Sai a ɗora masa a hanci a ƙirga zuwa biyar, a cire, a yaba masa. Gobe a ƙirga zuwa goma. Idan ya saba, a ɗaura igiyoyin yana kallon abin da yake so ko ana yi masa tatsuniya. Bayan nan a haɗa mesa a kunna iska a kan ƙaramar lamba, yana zaune a cinyarki, Uwa, kina cewa, "Ka ji iskar? Ja ta hanci, yauwa, ɗan albarka." Sai barcin rana, sannan na dare. Wani yaro sati ɗaya ya ishe shi, wani sai ya yi wata biyu ko fiye. Duk ba laifi ba ne.

Idan aka kai matakin dare, a mai da saka takunkumi cikin tsarin kwanciya na kullum: wanke baki, addu'ar barci, takunkumi, kashe fitila. Yawancin na'urori suna da maɓallin da ke sa iska ta fara a hankali tana ƙaruwa har yaro ya yi barci, ku nemi a nuna muku shi. Idan ya fizge cikin dare, a mayar masa ba tare da faɗa ba. Kuma a ja kunnen 'yan uwansa da sauran yaran gida kada su mai da shi abin tsokana, domin matashin da ake yi wa dariya zai ɓoye na'urar ne ya ce ya saka.

Za ku iya jin an ce awa 4 a dare ta wadatar. Wannan ma'auni ne da aka tsara don manya. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, kuma toshewar ta fi tsanani a barcin mafarki, wanda ya fi yawa gab da asuba. Abin nema shi ne dukan dare. Yawancin na'urori suna ajiye lissafin awannin da aka yi amfani da su, likita zai duba ya gani.

Tana da illa?

Tana da, amma yawancinsu ana gyara su. Bushewar hanci ko toshewarsa, ana magance su da ɗan tankin ruwan da ke jikin na'urar, wanda ke sa wa iskar danshi. Idan ido yana ja da safe, iska ce ke zurarewa ta saman takunkumi. Idan karan hanci ya yi ja ko ya fara rauni, an ɗaure da yawa ne ko girman bai dace ba. Kumburin ciki kuma alama ce ta haɗiyar iska, sai a faɗa wa likita.

Wadda ta fi bukatar sa ido ita ce ta ƙashin fuska. Ƙaramin yaro fuskarsa tana kan girma, kuma takunkumin da ke danna wuri ɗaya shekara da shekaru yana iya hana tsakiyar fuskar fitowa yadda ya kamata. Shi ya sa ba a ɗaure shi tamau, ana sauya nau'insa lokaci-lokaci, likita kuma yana duba fuska da haƙora.

A jikin takunkumi akwai 'yan ramuka da iska ke fita ta cikinsu. Ba lalacewa ba ce, ta nan numfashin da yaro ya fitar ke ficewa. Kada a liƙe su, kada bargo ya rufe su. Takunkumin da ke rufe hanci da baki gaba ɗaya kuma ba a saka wa ƙaramin yaron da ba zai iya cire shi da kansa ba sai da umarnin likita, saboda hatsarin amai. Daren da yaro ke amai, a cire masa.

In aka ɗauke wuta fa?

Da na'urar ta tsaya, a cire takunkumin, domin in babu iska mai gudana yaron zai riƙa sake shaƙar abin da ya fitar. A kwantar da shi ta gefe. Don haka tun kafin a saya a yi tunanin wutar da za ta kai asuba: batir da inbata, ko sola. CPAP ba ta cin wuta sosai, sau da yawa tsakanin wat 30 zuwa 60 ne, amma ɗumama ruwan tanki yana ƙara ci, ana iya kashe shi idan ana kan batir. Yaron da ke kan BiPAP saboda raunin numfashi, shi batirin ajiya wajibi ne a gare shi. Janareta kuwa a nisanta shi daga taga da ƙofa, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba.

Ku tuna duk abin da ke cikin iskar ɗaki shi na'urar ke turawa hancin yaro. Kada a kunna turaren wuta ko maganin sauro mai hayaƙi kusa da ita, kada a sha taba a ɗakin. Lokacin hunturu matatar iskar da ke bayanta tana cika da ƙura da wuri, a riƙa dubawa kowane sati. A ɗora na'urar a kan ɗan teburi, ba a ƙasa ba, amma kada ta fi kan yaron tsayi don kada ruwa ya gangaro ta mesa.

A goge takunkumi kullum, a wanke shi da mesa da tanki da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi sau ɗaya a sati, a shanya a inuwa. Ruwan tanki a zubar a sake kowace rana. Wanda ya fi dacewa shi ne tataccen ruwan da aka samar ta hanyar tururi, ana samunsa a manyan shagunan magani. Ruwan batir na bakin gareji ba na shaƙa ba ne.

Nawa take ci?

A Amurka sabuwar CPAP takan kai dala 500 zuwa 1,000, BiPAP kuma ta ninka haka ko fiye. Tunda daga waje ake shigo da su, farashinsu a kasuwanninmu yana bin canjin kuɗi. Kuma sayen akwatin ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Takunkumi yana tsufa, yaro kuma yana girma ya fi ƙarfinsa, ga matata, ga mesa, ga batir, ga zuwa asibiti. Kafin ku biya, ku tabbatar mai sayarwa yana da takunkumin yara, domin na manya mafi ƙanƙanta ma yakan yi wa yaro yawa.

Tsada takan sa a nemi ta hannu. A yi hattara. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya yi kiranyen miliyoyin na'urorinsa, ciki har da DreamStation ta farko, saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana iya rududdugewa a shaƙe shi, zafi da danshi kuma suna ƙara saurin lalacewarsa. Irin waɗannan na iya yawo a kasuwar kayan gwanjo. Duk na'urar hannu a kai wa likita ya duba lambarta, ya goge saitin mai ita na da, a kuma sayi sabon takunkumi da mesa da matata.

Zai yi ta amfani da ita har abada?

Ba lallai ba ne. Wasu yara hanyar iskarsu tana faɗaɗa da girma, wasu suna rage ƙiba, wasu ana yi musu gyaran muƙamuƙi, sai a sake gwaji a ga ba sa bukatarta. Wasu kuma, musamman masu raunin naman jiki, za su daɗe tare da ita. Ko yaya ne, lambar da ta dace da ɗan shekara 4 ba lallai ta dace da shi yana ɗan 7 ba, don haka ana komawa wurin likita aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara, da kuma duk lokacin da minshari ya dawo alhali takunkumi yana fuska. Kada ku dakatar da ita don kun ga yaro ya samu sauƙi, sauƙin daga ita yake.

Kada a ba irin wannan yaro maganin sa barci, ko maganin tari da mura mai sa gyangyaɗi, ko wani abu mai kodin, sai likita ya sani, domin suna ƙara sakin maƙogwaro kuma suna hana ƙwaƙwalwa farkar da shi. Idan kuwa kuka ga leɓensa ko harshensa ya yi duhu, ko yana jan numfashi da ƙyar har haƙarƙari yana lotsawa ko da yana farke, ko kuna tashinsa ba ya farkawa sosai, ku tafi asibiti a daren, kada ku jira safiya.